Makamashi, Ba Makamai Ba

Kawuna Hodi bai taɓa zama a aji ba, amma akwai kalma ɗaya da ya fi duk malaman Gulma iya faɗinta, kuma shekara goma sha biyu ya yi yana gyara wa mutane ita. Ni Sirajo, ɗan ƙanwarsa, direban haya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ni aka fi gyara wa, don ni na fara ɓata kalmar, kuma da gangan na yi. Yau da zan ji ya sake gyara mini ko sau ɗaya ne, wallahi da na yi sadaka.

Kawu gajere ne, busasshe, mai saurin tafiya da saurin fushi. Manomin shinkafa ne tun tasowarsa. Fadama biyu gare shi. Akwai wadda ya gada daga kakanmu, a bakin gulbi, ita ake ce wa Babba. Akwai kuma wata can ciki, wadda ya saya da guminsa, ita ce Ƙarama. Da damina ruwan Allah ke yi masa aiki. Da rani sai injin ban ruwa, shi kuwa inji ba ya motsi sai ya sha fetur. Kawu bai taɓa yafe wa injin nan ba. Duk jarkar da na kawo masa daga Argungu sai ya tsaya ya harare ta, ya yi tsaki, kafin ya karɓa. Yakan ce shi ke noman, amma mai gidan mai ke cin tuwon.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Ikrima, kuma shi ne na fari. Taubashina ne, tare muka tashi, tare muka sha duka. Allah ya ba shi kai, ni ya ba ni baki. Da yake ɗan fari ne, Kawu ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya ma kallonsa sosai in da baƙi. In dole ta kama sai ya ce "yaron nan". Ko ranar da Ikrima ya zo na ɗaya a makaranta, da aka kawo wa Kawu labari, ca ya yi a je a duba ko an ba awaki ruwa.

A shekarun nan rediyo ta yi ta maganar cewa ƙasar nan za ta gina tashar wutar lantarki ta nukiliya. Ikrima ya gama karatunsa na farko a jami'a, sai ya sami gurbi a Rasha, ya je ya karanci aikin irin wannan tasha. Masu ba da gurbin sun ɗauke masa kuɗin makaranta. Jirgi, ci, sha, ɗaki da rigar sanyi na shekara shida kuwa, wannan na gida ne.

Ina wurin ranar da ya yi wa Kawu bayani, a zaure, bayan azahar. Ya ce akwai wani irin dutse, ɗan gutsurensa kamar kan ƙaramin yatsa yana ba da zafin da tulin buhunan gawayi ba za su ba da ba. Da zafin ake tafasa ruwa, tururin ya juya inji, wuta ta fito dare da rana, ba ɗaukewa. Kawu ya saurara yana sosa ƙafa. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ta hi hetur sauƙi?"

Ikrima yana da shekara ashirin da uku a lokacin, kuma ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Ya ce, "Nesa ba kusa ba, Baba. In anka gina ta, ban ruwa ya zama kamar kyauta."

Kafin wata ya ƙare Kawu ya sayar da Babba ga wani Alhaji na Argungu. Matarsa, Inna Baiwa, ta yi kuka kwana uku. Innata ta zo takanas ta ce masa ƙasar ubansu ce ya ɗauka ya miƙa wa baƙo. Kawu ya ce ba sayarwa ya yi ba, shuka ya yi, su jira su gani.

To ga inda nawa laifin ya shigo. Mu mutanen karkara mun daɗe da sanin kalmar nukiliya, amma a wuri ɗaya muka san ta: labaran safe, inda ake cewa ƙasa kaza na neman mallakar makaman nukiliya, ƙasa kaza ta yi gwaji. Abin da Ikrima ya tafi karanta kuwa makamashin nukiliya ne. Makamashi, wato abin da ake ba wuta ta ci, kamar itace ko kara. Tsakanin makamashi da makamai ɗan tazara ne a baki, kuma kunnen ƙauye ba ya tsayawa tantancewa. Ni na san bambancin sarai. Amma taubashi taubashi ne. Ranar da na dawo daga raka shi, na tsaya a tashar Gulma na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku yi hattara da gidan Hodi, ɗansa ya tai koyon haɗa bam!"

Kafin la'asar Ikrima ya zama Mai Bam. Mata suka riƙa shiga wurin Inna Baiwa suna yi mata jaje. A majalisar dattawa da ke gindin tsamiyar masallaci, Tamba, tsohon masunci kuma sa'an Kawu, ya sami abin yi na sauran rayuwarsa. Da ya hango Kawu sai ya gyara zama.

"Hodi, ya labarin makaman nukiliya?"

Kawu ya kan tsaya cak, ya ɗaga yatsa, ya rarraba kalmar kamar mai koya wa yara karatu. "Ma-ka-ma-shi nac ce, Tamba. Makamashi, ba makamai ba! Kunnuwanka ruwa ya cika su."

Daga nan sai bayani. Sai ya nuna kan ƙaramin yatsansa, ya kawo zancen gawayi da tururi, ya ce ranar na zuwa da za a jera injunan ban ruwa na Gulma a sayar wa 'yan gwangwan. Ana dariya, shi ma a ƙarshe ya yi murmushi ya zauna. Na daɗe ban gane abin da ke faruwa ba. Sai daga baya na lura Kawu ba ya jin haushin tsokanar, jiranta ma yake yi. Mutumin da kunya ta hana shi faɗin sunan ɗansa ya sami hanyar yin maganarsa kullum a gaban jama'a, ba wanda zai ce ya yi rashin ta-ido. Duk "makamashi" ɗaya da ya faɗa, Ikrima yake kira.

Shekara shida suka wuce, Ikrima ya dawo, ya rame, ya yi haske, da takardarsa a cikin leda. Aka yanka rago. Ya tafi Abuja, ya yi kusan shekara biyu yana hawa bene yana sauka, ko'ina a ce masa ya saurara. Da sauraron ya ishe shi ya dawo Birnin Kebbi, ya kama ɗaki kusa da ni a unguwar Badariya, ya sami koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwar Gesse. Asabar da Lahadi yana bin wani Bayarabe mai suna Dele, haifaffen garin nan, wanda Hausarsa ta fi tawa, suna kafa wa mutane sola. Mutumin da aka koya wa tafiyar da wutar da za ta ishi birane, ga shi a kan kwanon wani yana ɗaure farantin sola da waya. In na wuce na gan shi sai in ji raina ya ɓaci, ban ma san wa zan yi wa fushin ba.

Wata rana ina kai shi Gulma, mu biyu a mota, na ce, "Mai Bam, wai yaushe za ya tashi ne? Mun gaji da toshe kunnuwa."

Bai yi dariya ba. Ya kalli fadama ta taga, ya ce, "Sirajo, ba ya tashi."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, har muka wuce Argungu. Ya ce abin ba ƙarya ba ne, ya shiga irin tashar da ƙafarsa, ya ga tana aiki, kuma har gobe yana son ta. Amma kuɗin gina guda ɗaya ya fi abin da jiharmu ke kashewa a shekara talatin. Ginin kan ci shekara goma, wani lokaci sha biyar, kuma duk tsawon lokacin nan ko ƙwan lantarki ɗaya ba za ta kunna ba, ga kuɗin ruwan rancen da aka gina ta da shi yana hawa. In an gama, duk wannan nauyin kan mai biyan kuɗin wuta zai sauka. Dutsen ne ke da araha, gidan da ake ƙona shi ne ke da tsada. Ya ce wayoyin wutarmu ma, da ke faɗuwa ana zaune ƙalau, ba za su ɗauki irin wannan wuta ba sai an sake su. In ta tsufa kuma, rushe ta wani kuɗin ne, tsaron sharar da ta bari wani kuɗin ne. Ƙasar da ke da kuɗi da haƙuri da wayoyi masu ƙarfi tana cin ribarta. Mu kuwa, ko gobe aka aza tubali, Kawu ba zai ga wutar ba, kuma ko ya gani ba wanda zai ja masa waya zuwa tsakiyar fadama.

Na ce, "To ka hwaɗa mishi mana."

Ya ce, "In ce mishi mi? Kai da bakinka ba ya ciwo, kai ka hwaɗa mishi."

Ban faɗa ba. Ni da ke iya tsayawa a tasha in tara jama'a da ƙarya, gaskiya guda ta gagare ni. Duk zuwan da muka yi, bayan gaisuwa Kawu zai kalli gefe, kamar da bango yake magana, ya ce, "An hwara ginin?" Ikrima ya ce, "Ana shiri, Baba." Ni kuma in gyaɗa kai kamar na ga shirin da idona. Haka muka yi ta yi, Sallah bayan Sallah.

Sai shekarar da aka cire tallafin fetur. Jarkar da Kawu ke harara ta ninka kuɗi uku, daga baya ta wuce nan. Da rani ya kama, manoman Gulma da yawa suka bar fadamarsu ta bushe. Masu ɗan hali suka koma sola: faranti huɗu ko shida a bakin rijiya, rana na fitowa ruwa na fita, ba hayaƙi ba ƙara. Ikrima ya ce wa Kawu shi ya riga ya yi magana da Dele, zai kawo ya kafa masa a Ƙarama, daga aljihunsa.

Kawu ya yi tsalle ya dire. "Ni? Ni za a kahwa ma hwaranti? In zamna gindin tsamiya Tamba ya ce man ina wutar da nis sai da gonar ubana dominta? A bari dai. Wadda muka jira tana tahe."

Ya ci gaba da sayen fetur. Ya sayar da tumaki. Ya sayar da shanun nomansa guda biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma a motata aka ɗauko jarkunan da kuɗinsu ya zama. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Ina ɗora jarka, ina sauke jarka, na san abin da na sani, bakina a rufe.

Cikin watan Maris, ana tsakiyar zafi, Inna Baiwa ta kira ni a waya tana kuka. Shinkafa ta yi ciki, lokacin da ta fi bukatar ruwa, kuma kwana biyar injin bai tashi ba. Ba sauran abin sayarwa a gidan sai ƙasa. Kawu ya aika wa dillali ya zo ranar Juma'a a auna rabin Ƙarama, a sayar, a shayar da ɗaya rabin. Ran nan Laraba ce. Na je Gesse na tsaya a ƙofar makarantar har Ikrima ya fito, na ce masa in bai shiga motar nan gobe da safe ba, ni da shi har abada. Na zage shi, na zagi kaina, na haɗa da Rasha. Da safe na same shi tsaye a bakin hanya.

Mun iske Kawu a fadama da hantsi, zaune a kan kunya kusa da injin da ya yi shiru. Ƙasa ta tsattsage, mutum zai iya sa tafin hannu a ciki. Ganyen shinkafar ya nannaɗe. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa, ya kalli gefe yadda ya saba.

"An hwara ginin?"

Ikrima ya ce, "Ba a hwara ba, Baba. Kuma ba a hwarawa yanzu."

Kawu ya juyo. Ina jin ran nan ne karo na farko da na ga ya kalli ɗansa ido cikin ido a gaban wani.

Ikrima ya faɗa masa duk abin da ya faɗa mini a mota. Da ya zo kan tsadar gini sai ya ce, "Kamar a ce za ka gina rijiyar da za ta shayar da Gulma dut, amma sai ka yi shekara goma sha biyar kana biyan masu haƙa, ba ka sha ko moɗa guda ba. Ranar da ruwan za ya hito, wa ka iya sayen shi?"

Kawu ya ce, "Ke nan ba ta hi hetur sauƙi ba."

"Wani wurin ta hi. Nan, yanzu, ban ga alama ba."

"Dutsen hwa? Ƙarya ta?"

"Gaskiya ta, Baba. Na gani da idona."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali, kamar wannan ya ɗan rage masa wani abu. Ya tsinki ganyen shinkafa guda ya murza shi a hannu, ya zama gari. Sai ya yi tambayar da muke gudu.

"Tun yaushe kas sani?"

Ikrima ya sunkuyar da kai. "Tun kahin in dawo."

"Shekara shida ke nan." Ya juyo gare ni. "Kai hwa, ɗan ƙanwata?"

Na ce na yi shekara uku da sani.

Na ɗauka zai yi faɗa. Kawu da ke tashin unguwa in akuya ta shiga rumbu, na shirya wa zagi, har mari na shirya wa, kuma da ya yi da na ji daɗi. Bai yi ba. Ya ce, "Gonar da nis sai, ni nis sai da ita, ban tambayi kowa ba. Wannan tsakanina da ubana na. Amma shanun nan, da kun hwaɗa man, da suna nan ɗaure." Ya tashi ya karkaɗe rigarsa. "Ku ce ma dillali kar shi zo. Ku kawo hwarantin."

Ranar Asabar Dele ya zo da kayan. Ikrima ya yi aikin da hannunsa, bai bari kowa ya taɓa masa ba, gumi na zuba. Kafin azahar ruwa ya fito daga tiyo, shiru, ba tari ba hayaƙi, ya bi tsagar ƙasa yana nutsewa. Manoman kusa suka taru suna sa albarka. Kawu ya buɗe wa ruwan hanya da fartanya, fangalin shinkafa bayan fangali, kuma har aka gama bai ɗaga kai ya kalli farantin ba. An ceci kamar rabin shinkafar, sauran ta riga ta tafi. Ƙarama ta tsira, ko taku ɗaya ba a yanka ba. Inna Baiwa ta yi ta godiya tana share hawaye. Ni ma na yi murna, na ɗauka shi ke nan an wuce wurin.

Bayan girbi na kai fasinja Gulma, la'asar ta same ni a can, na yi salla na tsaya gefen tsamiya. Dattawa na zaune. Sai ga Kawu tafe, a hankali, ba irin tafiyarsa ba. Tamba ya hango shi ya gyara zama, fuskarsa cike da murna, don ya kwana biyu bai samu ba.

"Hodi, ya labarin makaman nukiliya?"

Kowa na jiran yatsan nan ya tashi. Ni ma ina jira, har na fara murmushi. Kawu ya cire takalmansa, ya zauna a bakin tabarma, ya ciro carbi.

Tamba ya ɗauka bai ji ba. Ya ƙara murya. "Makaman nukiliya, nac ce!"

Kawu ya ce, "Na jiya, Tamba. Ku ad da gaskiya tun hwarko. Makami na. Kan gidana yah hwaɗo, ko ƙara bai yi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Tamba ya shiga gyaran hularsa. Tun daga ranar bai sake tsokanar ba, kuma ba wanda ya sake ce wa Ikrima Mai Bam a Gulma, har ni.

Kawu yana nan da ransa, yana nomansa, farantin na ba shi ruwa. Ikrima na zuwa duk wata ya goge ƙura ya duba waya. Suna gaisawa lafiya lau, ba faɗa ba gaba. In an gama gaisuwar Kawu kan kalli gefe yadda ya saba, mu biyu mu yi tsit muna jira, shi kuma ya yi shiru, don ba sauran abin da zai tambaya. Makon jiya da na kai masa taki na kasa daurewa. Ina sauke buhu na ce da ƙarfi, yadda zai ji, wai rediyo ta ce an sake maganar makaman nukiliyar nan na lantarki. Na tsaya da buhun a kafaɗa ina jira.

Kawu ya ce in aje shi can cikin inuwa, kar rana ta taɓa shi.